Neman Gabas a Jirgin Dare

Ni ba mai yawo ba ce, duk garinmu Dogo-Dogo an san ni da haka. Kasuwar Mallawa ma sai an yi ta ja na, in na je kuwa kafin la'asar hankalina ya koma kan awakina. Amma ga shi Allah ya rubuta sai na kwana cikin jirgin ƙasa a Kamaru, ni da ban taɓa ganin ko ƙarfen da yake bi ba.

Yayata ce sanadi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce ta fari ni ce auta, a bayanta na yi wayo. Ina ƴar mitsitsiya mijinta, mai fataucin shanu, ya tafi da ita Yaunde. Can ta haihu, can ta yi takaba, can ta tsufa. Wata kaka, mun gama kai hatsi rumbu ke nan, sai ɗanta ya kira ni a salula.

"Inna, lokotoro ya ce mu koma da ita gida, ba sauran abin da za su yi. Ita kuma ta ce gidan da take nufi ba wannan ba ne. Ta ce ke za ki zo ki ɗauke ta."

Na bi wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa, mota ta ba mota, har ƙafafuna suka kumbura. Na iske ta ta ƙare, sai ido da ƙashi, amma bakin yana nan yadda na san shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Auta, wannan ƙiba fa? Gyaɗar gadonmu duk ke kika cinye?"

Ana gobe za mu tashi ta sa ɗanta ya fita, ta kama hannuna.

"Da wuya in ga Dogo-Dogo. In na gani ban ƙi ba. Amma abu guda nake roƙon ki. In abin ya zo a hanya, kada ki bari ya same ni ba na duban gabas. Ki kwantar da ni yadda aka ce kin kwantar da Iya."

Ran da mahaifiyarmu ta cika Yaya ba ta nan, ni ce a kanta. Na yi mata yadda muka ga manya suna yi: kai a kudu, kwance kan hannun dama, fuska na duban alƙibla. Na ce wa Yaya ta bar irin wannan zance. Ta ce, "Ke dai ki ce to." Na ce to. Ban ɗauki abin da nauyi ba, don a gida ko makaho ya san gabas. Ga masallaci, ga gawon bayan gidanmu da rana ke fitowa ta kansa. Ban taɓa jin an ce gabas ta ɓace wa mutum ba.

Ɗanta ya ce jirgin ƙasa za mu bi zuwa Ngaundare, tunda ba ta iya zaman mota, a jirgi kuwa akwai gado. Da magariba yake tashi, ya kwana yana tafiya, sai hantsi ya isa in bai makara ba, kuma an ce yakan makara. Taragon kwanan kushet suke ce masa. In ka shiga, wani siririn lungu ne ya miƙe daga wannan kai zuwa wancan, tagogi a gefe guda, ƙofofin ɗakuna a ɗaya gefen. Ɗakin bai kai rumbuna ba. Gadaje huɗu ne, biyu ƙasa, biyu a sama kamar kantar mai tireda, da ɗan tsani na hawa. Kowane gado an ajiye masa farin zane, da bargo, da matashi. Makewayi yana can ƙarshen tarago, in ka leƙa ramin ƙasa kake gani tana gudu. Ruwansa ba abin dogara ba ne, gara ka shiga da butarka cike.

Maza da mata ba a haɗa su ɗaki, na maza kuma sun cika, don haka ɗan Yaya ya ajiye ta a gado ya wuce taragon zama, can gaba da nisa. Mai kula da taragonmu, wani dogo mai hular aiki, ya zo ya karɓe biyenmu, wato tikitin jirgi, ya sa aljihu. Na ce shi ke nan an raba mu da shaidarmu. Matar da muka tarar a ɗakin ta yi dariya.

"Haka ake yi, ƴar'uwa, da safe zai maido miki. Ke dai ki sa sakata, in an tsaya a tasha ki ja taga. Akwai masu dogon hannu."

Bafulatanar Ngaundare ce, mai sayar da turare da atamfa, hanyar ta zame mata kamar hanyar rijiya. Hausarta da ɗan karkace amma tana fita. Da fitila ta haska fuskar Yaya ta ga zanen Barebari, don Iya Babarbariya ce, sai ta tafa hannu.

"Kai, Allah na gode maka! Yau da bayina zan kwana. Wa zai matsa mini ƙafa a cikinku?"

Yaya ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Auta, wa ya bar ƙofa buɗe har ƴar tallan nono ta shigo? Duba ƙarƙashin gado, kada ta ɓoye maraƙi."

Muka yi dariya har Yaya ta sarƙe da tari. Da tarin ya lafa na tambayi matar ina gabas take a nan. Ta zaro salularta ta nuna mini wata ƴar kibiya a ciki, ta ce duk inda ka juya alƙibla take nunawa. Muka gwada. Ashe gadajen a gicciye suke cikin jirgi, jirgin kuma wajen gabas ya sa gaba, don haka gadon Yaya ya zo daidai. Na mai da kanta wajen ƙofa, na juya ta kan hannun dama, na tokare bayanta da ƙullin kayana. Kibiya ta tsaya a gabanta. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Jirgi ya yi wata irin girgiza ya ja. Ni Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni kunne. Daga cikin ɗaki nakan san akuyar wa ke kuka a bayan gari. Ƙarar ƙafafun jirgin sai na ji ta kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, ba su gajiya, ba su saɓawa. A ƙarƙashinta kuma ga numfashin Yaya, da ɗan fito a ƙarshensa. Kafin mu fita gari na iya raba su. Ban hau gadona ba, na zauna a ƙasa kusa da ita ina saurare. Kibiya takan ɗan karkata in jirgi ya sha kwana, sai ta dawo.

Waje duhu ne irin wanda ban sani ba. Namu duhun yana da sama, kana ganin taurari har ƙasa. Wannan kuwa itatuwa ne suka rufe, wani lokaci reshe ya shafi taga kamar mai neman a buɗe masa. Sai can a ga fitilu, jirgi ya tsaya, mata su taso da faranti a ka suna kira da yarukan da ban taɓa ji ba. Ayaba, rogo naɗe a ganye, zuma a kwalba. Yaya ta ce a saya mata zuma. Na ɗiga mata a yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce ta daji ce, ba ta kai ta amyar Baba ba.

Daga nan ta shiga tambayar mutanen gida. Mai kitson da ke bayan masallaci? Na ce ta rasu. Gurgun nan mai gyaran guga? Na ce ya rasu. Ƙawarta da aka kai aure Waca? Na ce bara waccan. Ta yi ta kira ina ta binnewa, har na ji kunyar bakina.

"To wa zan tarar, Auta?"

"Ni."

"Ke ai ga ki nan. Da mun yi zamanmu."

Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Wa ke gadon sama?"

Bafulatana tana gadon ƙasa na ɗaya gefen, na sama duka biyu ba kowa, zannuwansu ma a ninke suke. Na ce mata ba kowa.

"To ki ce ya janye ƙafarsa, tana taɓa ni."

Na tashi na shafa gadon da hannuna har bango. Sanyi kawai. Na dawo na zauna, ban sake ɗaga kai ba.

Dare ya raba muka isa wata babbar tasha, aka daɗe ana ta buge-bugen ƙarfe a ƙarƙashinmu. Bafulatana ta tashi zaune tana gyara ɗankwali, ta ce a hankali, "Ƴar'uwa, ban so in faɗa miki tun ɗazu ba. Daga nan jirgi arewa yake miƙewa har gida."

Ban gane ba sai da muka tashi. Kibiya ta karkata, na jira ta dawo, ba ta dawo ba. Ta bar gaban Yaya ta koma saitin kanta. Na juya ta, kai wajen taga, kibiya ta koma ƙafafunta, wanda ya fi muni. Na duba ƙasa tsakanin gadaje, shi ma a gicciye yake kamar su. Duk ɗakin ba inda za a shimfiɗa mutum kansa a kudu. A daidai lokacin kuma numfashinta ya sake. Fiton ya tafi, wani gurgura ya zo, mai tsayawa ya dawo. Na san shi, na ji shi a ƙirjin Iya.

Na fita neman ɗanta, na iske ƙofar da ke tsakanin tarago da tarago a kulle. Na kira shi, salula ba ta shiga a dajin nan. Ina dawowa ta lungun sai na tsaya. Lungun ai miƙe yake da jirgi, kai a kudu, ƙafa a arewa, tagoginsa kuma ta gabas suke.

Na faɗa wa Bafulatana. Ta ce, "An hana. Ko jaka ba a bari a nan." Ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ce, "Kama can."

Muka ɗauko ta cikin bargo. Dammin kara ya fi ta nauyi. Muka shimfiɗa ta a lungu, kanta wajen bayan jirgi, fuskarta ga bangon tagogi. Na aza salula a ƙasa kusa da goshinta. Kibiya ta tsaya a gabanta. Yaya ta buɗe ido ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne.

Ba a jima ba sai ga mai kula da tarago da tocila. Ya fara faɗa da Faransanci, Bafulatana ta tare shi da nata. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na ji muryoyin: tasa ta hau, tata ta fi ta hawa, sai tasa ta fara sauka. Ta juyo ta ce mini, "Ya ce hanya ce, mutane za su bi. Ya ce in jikin ya yi tsanani a sauke ta a tasha ta gaba, akwai likita."

Kafin in ba da amsa Yaya ta ce, "Ki ce wa yaron nan ya yi haƙuri. Ba daɗewa zan yi ba."

Aka faɗa masa. Ya haska fuskarta, ya kashe tocilar da sauri. Na ce a ƙara gaya masa abu guda: a wurinmu ba a tsallake mutum yana kwance, ko yaro ne, balle wannan. Ya tafi ya ɗauko ƴar kujerarsa ya dasa ta a ƙafafunta. Duk wanda ya fito zai bi ta kanmu zuwa makewayi, sai ya nuna masa na ɗaya ƙarshen. Wani mai tawul a wuya ya so ya yi gardama, mai kula da tarago ya miƙe masa tsaye, mutumin ya koma.

Na ɗauka na gama. Ashe arewar jirgi ba irin tamu ba ce. Hanyar duwatsu muka shiga, jirgi ya riƙa lanƙwasa kamar maciji. Kibiya ta gangara wajen ƙafafunta, ta dawo, ta haura wajen kanta, wani lokaci ta yi nisa har in ce ta tafi ke nan. Duk karkatar da ta yi sai in ja kafaɗar Yaya in bi ta, iyakar abin da faɗin lungu ya bari. Duk jan da na yi kuma sai ta yi nishi, irin nishin da ba ta yi ba ko da muka ɗauko ta.

Bafulatana ta riƙe hannuna. "Bar ta haka. Azaba kike ba ta."

"Na yi mata alkawari."

"Da jirgi za ki yi kokawa? Allah yana gani."

Na ƙara ja sau ɗaya, Yaya ta damƙe zanena, hawaye ya gangaro mata. Daga nan ban sake motsa jikinta ba. Na ɗora kanta a cinyata, in kibiya ta gusa in ɗan karkata fuskarta kawai da tafin hannuna. Ina yi ina faɗa mata kalmar shahada a kunne. Na ga leɓenta yana bi. Sau nawa, ban ƙirga ba, amma na gani da idona, wannan ba na shakkarsa.

Sai salular ta yi ɗan kuka ta mutu. Caji ya ƙare. Tawa irin ta dā ce, ta mai kula da tarago ma haka, ba kibiya a cikinsu. Na bar fuskarta inda kibiya ta nuna na ƙarshe.

A lungu ƙarar jirgi ta fi ta ɗaki, ga wata taga da ta ƙi rufuwa, iska na ta shigowa da ƙugi. Kunnen da nake taƙama da shi ya kasa. Na sunkuya har kumatuna ya taɓa nata, ƙarfe kawai nake ji. Na sa hannu a ƙirjinta, na ji yana hawa yana sauka, na ce alhamdulillahi. Na daɗe a haka ina ta yi mata kalma. Ban lura ba cewa ni ma hawa nake ina sauka, da butar da ke gefena, da kujerar mutumin nan. Jirgi ne yake jijjiga mu duka.

Gab da asuba ya rage gudu ya tsaya a tsakiyar daji, ba tasha ba fitila, an ce wani jirgin ake jira ya wuce. Kome ya yi tsit. Na ji kwaɗi a waje. Na ji wani yana minshari a ɗaki na uku. Na ji agogon hannun mai kula da tarago. Ƙirjin da ke ƙarƙashin hannuna kuwa ya tsaya tare da jirgi. Na taɓa yatsunta, sun riga sun yi sanyi. Ba yanzu ba ne. Tun a wani wuri ne can baya, a wata kwana daga cikin kwanonin nan.

Na rufe mata ido, na ɗaure haɓarta da ɗankwalina. Bafulatana tana salati tana kuka, tana cewa, "Baiwata ta gudu ta bar ni." Mai kula da tarago ya cire hularsa, ya kawo farin zane daga gadon sama ya miƙo mini na lulluɓe ta.

Da gari ya waye mun fita daga kurmi, ƙasa ta buɗe, ga shanu ga ciyawa kamar an kusa gida. Rana ta fito ta tagogin lungu, ta sauka a kan zanen daidai fuskarta. Bafulatana ta ce, "Kin gani? Gabas sak." Na ce na gani. Amma ni na kwana ina duban kibiyar nan, na san yawon da ta yi.

A Ngaundare aka buɗe ƙofofi, ɗanta ya zo da gudu da burodi a hannu. Ba zan faɗi wannan ba. Bayan an gama da jandarmomi da takardunsu, Bafulatana ta ce ba inda za a kai ta sai gidanta. A can muka yi mata wanka, ni da ita da wata tsohuwar unguwa. Mutanen masallacinsu suka sallace ta bayan azahar, maza suka ɗauke ta suka tafi, mu muka zauna a tsakar gida.

Da suka dawo ɗanta ya zo ya durƙusa gabana, jar ƙasa har gwiwarsa.

"Inna, na san abin da ta roƙe ki. Ina bakin ƙofa na ji. An samu?"

Da na ce masa e, da ya tashi da sanyin zuciya, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Bafulatana ma tana ta yi mini ido. Amma ɗanta ne, shi ya fi kowa haƙƙin sani.

Na ce, "Da na shimfiɗa ta tana duban gabas. Da gari ya waye tana duban gabas. Tsakanin nan jirgi ya yi ta juyawa, ban san a wace kwana aka karɓe ta ba. Kalma dai ta yi."

Sannan ya ce, "Ni na shiga ramin, Inna. Da hannuna na juya ta. Limamin ya duba ya ce daidai."

Na ce Allah ya yi masa albarka.

Da na dawo gida na kai wa malamin unguwarmu maganar. Ya ce niyya ake dubawa, Yaya ta samu abin da ta nema tun ran da ta nema, ni ma na fita haƙƙinta. Na yarda da shi, ya fi ni sani. Inda take kwance yanzu gabas take duba, ƙasa kuwa ba ta shan kwana. Ɗan tsakanin nan ne kawai ban sani ba, kuma duk duniya ba wanda zan tambaya.